Buzun Malam da Kwamfutar da Za Ki Saya

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ki kin sauka Sakkwato lafiya, ƙafafunki sun huce daga matsin mota, Kawunki Sani da iyalinsa kuma suna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kau da idon mugu daga kanki, Ya sa ki fito makarantar nan da abin da kika je nema.

Na san inda za ki tsinci takardar: ƙarƙashin ƙullin yajin da Innarki ta cusa a gefen jaka. Da gangan na zaɓi wurin, don ba za ki kai gare shi ba sai kin zauna kin natsu, yunwa ta fara gaishe ki. Da na miƙa miki ita a tasha, da a gabana za ki buɗe, ni kuwa akwai abin da ke ciki da ba zan iya tsayawa ana karantawa ina kallo ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Ba ki daɗe da barinsa ba, akuyar da kika sani ita ce dai. Maganar kwamfuta ce. Kawunki ya ce ranar Asabar zai kai ki kasuwa ku sayo wadda za ki yi karatun safiyo da zanen taswira da ita, kuma kin tambaye ni a tsakar gida, kina ɗaure katifa, "Baba, mai giga nawa zan ce a ba ni?" Na ce zan yi tunani. Ba tunani nake bukata ba. Amsar tana bakina, kunya ce ta danne ta, don sai da na yi ɓarna kafin na san ta. Kuma ina da tawa bukatar a kwamfutar nan taki. Waƙar kakanki Malam, wadda ya rubuta da hannunsa a kundi, yau babu ita a kan takarda ko ɗaya. Abin da ya rage mata shi ne abin da kika haddace kina ƙarama, zaune gefen buzunsa, yana rerawa yana tsokanarki da amarya don kin ci sunan matarsa. Ina so ta sami wurin zama kafin lissafin taswira ya ture ta daga kanki. Yadda aka yi ta kai ga haka, shi zan faɗa miki.

Shekarar da Malam ya rasu kina ajin ƙarshe na firamare. Baffanki Liman, da yake shi ne babba, ya gaji zaure da karatu. Ni kuma ɗan bokon gida, mai gilashi, wanda ya karanta littattafai da harshe uku kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba, sai na miƙe a taron dangi na ce zan zuba duk abin da ke soron Malam a kwamfuta, yadda gara da ɓera za su mutu da haushi. Aka yi ta sa mini albarka. Har Baffanki ya ce, "Ashe bokon ga na da rana."

Na hau mota na tafi Gusau, na shiga wani shagon kwamfuta. Mai shagon ya dube ni sau ɗaya ya gane irin kifin da ya shigo komarsa. Ya ɗauko wata baƙa mai sheƙi ya ce, "Furofesa, wagga tera guda ce. Giga dubu ke nan. Ko littattafan Zamfara duka ka zuba mata, ba ta jin komi." A jikin takardar da aka manna mata akwai wata lamba ƙarama a ƙasan babbar: biyu. Na gan ta. Na kuma san ban san ma'anarta ba. Amma mutumin ya riga ya kira ni Furofesa sau uku, ga mutane a shagon, kuma a ganina furofesa ba ya tambayar ma'anar biyu. Na gyara gilashi, na gyaɗa kai kamar wanda ya ga abin da yake nema, na rungumo ta zuwa Gummi.

Uwata, idan mai shago ya ba ki sarauta tun kafin ki zauna, ki riƙe jakarki da kyau. Kuma lambar da ba ki gane ba, ita za ki fara tambaya, ko da shagon cike yake da 'yan ajinku. Kunyar minti ɗaya ce. Tawa ta shekara bakwai ce, ga shi har yau ina cikinta.

Ga abin da ban tambaya ba. Kwamfuta wuri biyu gare ta, kuma masu sayarwa sun fi son a ruɗa su, don duka da giga ake auna su. Akwai ma'ajiya, inda kaya ke kwana. Akwai kuma wanda masu gyara ke kira ram, inda take shimfiɗa abin da take aiki da shi a lokacin. Ki tuna yadda Malam ke bincike. Soro cike da littattafai har rufi, amma shi a kan buzu yake zama: tafsiri a dama, ƙamus a hagu, littafin fiƙihu a gaba, takarda a kan gwiwa. Buzun ya cika ke nan. In ya bukaci na huɗu, sai ya rufe ɗaya, ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya mayar, ya ɗauko wani, ya dawo ya nemi inda ya tsaya. Soron shi ne ma'ajiya, buzun shi ne ram. Ko soron ya kai kasuwar Gummi girma, in buzun ƙarami ne, a tashi da zama yini zai ƙare. Ni soro na saya mai ɗaukar littattafan Zamfara, da buzun da bai kai tafin hannu ba.

Ban san haka ba a lokacin. Na ari kyamara wurin wani abokin aikina, na kwashe hutun bazara ina ɗaukar hoton shafi bayan shafi. Da na zo kan kundin waƙar, na fi ba shi kulawa. Kin san ta: wadda ya yi shekaru yana ƙara mata baiti, a kan noma da gulbi da haƙƙin maƙwabci da mutuwa, da ajami, da tawadar da yake dafawa da kansa. Kowane shafi sau biyu na ɗauka, da mafi kyawun ɗaukar da kyamarar ke iyawa. Na juye komai a kwamfuta, na goge kyamarar, na mayar wa mai ita.

Sai aiki ya tsaya. In na buɗe shafi ɗaya, lafiya. In na buɗe uku don in gwada wannan da wancan, ga kuma wurin rubutu a gefe, sai ɗan zoben nan ya fito ya yi ta juyawa. In sha shayi in dawo, yana juyawa. Innarki ta leƙo wata rana ta ce, "Wanga abu naka, tunani shika yi ko kwana? Ba kai kac ce ta hi mutum dubu ƙwaƙwalwa ba?" Na ce mata aikin ilimi ba a yi masa gaggawa.

Daga nan na yi ƙiyasi irin na masu karatu, wanda ya fi na jahili haɗari don yana zuwa da hujja. Na ce jaki in ya ƙi tafiya, kaya ne suka yi masa yawa, a rage masa. Na duba wane kaya ya fi nauyi a cikinta, na ga hotunan kundin ne, tunda su na ɗauka bibbiyu. Na ce ai kundin yana nan a soro, taku ashirin daga inda nake zaune, in ta warke na sake ɗauka. Na danna gogewa. Ta tambaye ni ko na tabbata. Ita da nake raina wa hankali, ita ta tsaya ta tambaye ni. Na ce na tabbata. Na bi su har kwandon shara na zubar, don ni ba na aiki rabi da rabi.

Ko kaɗan ba ta ƙara sauri ba. To ina za ta ƙara? Buzu ne ya yi kaɗan, ni kuma na shiga soro ina ƙona littattafai. Da na kai kuka ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, wani ya ce a kai ta a wanke, a sake zuba mata komai sabo. Na kai aka wanke. Ta yi kwana uku tana rawar jiki, ta koma halinta.

Don haka in taki ta fara nauyi, kada hannunki ya je kan gogewa. Rufe abin da kika buɗe barkatai. Na san ku: shafin intanet ashirin, waƙa na tashi a gefe, taswira a buɗe, ana hira da ƙawa, sannan a ce na'ura ba ta da kirki. Naɗe wasu littattafan daga kan buzu, ki ga ko za ta numfasa. Abin da kuma ba ki da shi a wuri biyu, ki ɗauka ba ki da shi. Kada ki taɓa goge abu don kin ce na asalin yana nan. Na asalin ma baƙo ne.

Aka koma makaranta. Ga darasi, ga jarrabawa, ga gyaran takardun yara. Kullum in wuce ƙofar soro in ce gobe. Damina ta faɗi, ta yi ƙarfi. Kin tuna ruwan nan da ya kwana uku bai ɗauke ba, har aka hana ku zuwa islamiyya? A rana ta uku da hantsi azara ta karye a kusurwar gabas, rufin soron ya zubo. Muka shiga da Baffanki, ruwa har ƙauri. Littattafan bugu sun kumbura, amma mun shanya su sun tashi, waɗanda suka lalace kuma ana samun irinsu a kasuwa. Kundin yana daidai inda rufin ya buɗe. Na ɗaga shi, na buɗe, na tarar da takardu masu launin toka. Tawadar Malam ta koma ruwan da aka dama ta da shi.

Baffanki ya dubi takardun, ya dube ni, ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Alhamdu lillahi da munka sa ta cikin na'ura."

Uwata, ga abin da ubanki ya ce. Na ce, "Yaya, bairos, cutar na'ura, ya cinye su."

Ya yi salati. Ya ce haka Allah Ya ƙaddara. Ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri, wai kada in sa abin a raina, na yi iyakar ƙoƙarina. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Tun ranar duk gidanmu an san bairos mugun abu ne, har gwaggonninki na yi masa Allah ya isa. Ke ma haka na gaya miki da kika tambaya, kina kuka. Babu wani bairos. Yatsana ne, wannan da nake riƙe da biro da shi yanzu.

Na'ura ba ta da bakin kare kanta, shi ya sa ɗora mata laifi ke da daɗi. Za ki ji ɗalibai na yi: ta cinye mini aiki, ta ƙi buɗewa, ta goge da kanta. Wani lokaci gaskiya ne. In ba gaskiya ba ne, kada ki ara. Ƙaryar da aka yi don a tsira daga kunyar yini ɗaya, kullum sai an ba ta abinci.

Bayan ruwa ya ɗauke na lallaɓa da ita wurin Musa mai gyara, na bakin tasha. Kin san shi, mutumin kudu ne, haƙar zinariya ta kawo shi wajen Bukkuyum, da ciwon dalma ya fara kwantar da yara ya wanke hannunsa ya koma sana'arsa ta farko. Shi kaɗai na gaya wa gaskiya, don likita ba a ɓoye masa. Ya yini yana nema. Ya ce da ban kai an wanke ta an sake zuba mata kaya ba, da ya kamo mafi yawa. Abin da ya samo shafi huɗu ne, su ma rabi rabi, kamar an yaga. Sannan ya juyo da fuskar kwamfutar ya nuna mini wani dogon layi da ɗan shuɗi a bakinsa. Ya ce, "Malam, ka ga ɗakin ajiyarka. Fanko ne. Ko kusurwa ɗaya ba ka cika ba. Me ka goge, don me?" Shi ya fara yi mini bayanin ram, ni kuma ina tafiya gida na ga buzun Malam rataye a zaure, na gane sauran.

Za ki ce daga nan na yi hankali. Musa ya ce wataƙila a iya ƙara mata ram, amma in bari ya buɗe cikinta ya duba tukuna. Ni kuwa yanzu na san kalmar, kuma mai sabon ilimi ba ya iya zama. Wani taron malamai ya kai ni Gusau, na shiga shago, wani daban, na ce da murya mai ƙarfi a ba ni ram mai giga takwas. Na sako ta a gidan gilashina, na riƙe a ƙirji har Gummi. Musa ya kwance kwamfutar, ya haska tocila, ya leƙa cikinta. Ya ce, "Malam, irin wannan tata a like take da allon ciki. Ba ta da gurbin ƙari. Ai na ce ka bari in buɗe." Ita ce 'yar koriyar abar nan mai kama da guntun matsefi da za ki gani naɗe a cikin takardar nan. Shekara shida tana gidan gilashina. Ki ajiye ta inda za ki riƙa ganinta.

Kada kuma tsoron kuskurena ya tura ki ɗaya gefen. Kin san Alhaji Bawa, abokina mai sayen zinariya a Anka. Da na ba shi labarin ram, ban da na kundin, sai ya aika a kawo masa wadda ta fi kowacce, mai giga talatin da biyu. Na je na same shi ya ɗora ta kan darduma, an rufa mata ƙyalle don ƙura. Kokawa yake kallo da ita, sai tafsiri da azumi. Buzu ne da zai ɗauki malamai goma, an ɗora masa carbi ɗaya. Na yi masa dariya har ya ji haushi, amma a hanyar dawowa na ga ciwonmu ɗaya da shi: dukanmu lamba muka saya, ba mu tambayi aikin ba. Shi dai aljihunsa ya fi nawa iya ɗaukar wauta.

To ga amsar tambayarki. Mai giga huɗu, ki bar ta a shago ko an ce kyauta ce da jaka. Manhajojin yanzu sun yi mata ƙiba. Takwas ta ishi mai rubutu da karatu da shiga intanet, irina, in da na sani. Amma ke taswira za ki riƙa buɗewa, da hotunan ƙasa da aka ɗauko daga sama, masu nauyi, ɗaya bisa ɗaya. Sha shida ce taki. In abin da ke hannun Kawunki bai kai ba, ki ɗauki mai takwas wadda ke da gurbin ƙari, kuma kada ki yarda da "akwai" ta baki, a kwance a nuna miki gurbin da idonki. In zaɓi ya zo tsakanin ƙaton soro da faffaɗan buzu, ki rage soron. Ma'ajiya ana sayen ta waje a jona, ram ɗin da aka like kuwa sai haƙuri. Ta hannu mai lafiya da sha shida ta fi sabuwa mai sheƙi da huɗu, ko da ƙawayenki za su yi mata kallon tsohuwa.

Kafin Asabar ɗin ma, ki nemi wata da ta girme ki da aji ɗaya a sashenku, ki tambaye ta wace manhaja suke aiki da ita, kwamfutar wa ke tsayawa a aji, ta wa ke tafiya. Ta fi ni sani, ta fi mai shago gaskiya. A shagon kuma ki sa a kunna, ki buɗe abubuwa da yawa lokaci guda kamar yadda za ki yi a ɗaki, ki tsaya ki kalla. In Kawunki ya fara duba agogo yana cewa rana na yi, ki ce Baba ya ce a jira. Ya san halina, zai yi tsaki ya zauna.

Saura bukatata. Ranar da kika kawo ta ɗaki, kafin taswira, kafin hotunan ƙawaye, ki buɗe wurin rubutu ki zuba waƙar Malam, duk abin da ke kanki, da boko, yadda kika ji ta. Abin dariyar shi ne duk waƙar ba za ta kai nauyin hoto ɗaya na wayarki ba. Ko tsohuwar tawa mai giga biyu za ta ɗauke ta tana murmushi. Inda kika manta, ki bar fili. Kada ki cike da naki don baitin ya yi daɗi, Malam ya fi son giɓi a kan ƙari. In kin gama ki sa a filashi, ki turo wa wayata, ki kuma buga a takarda. Wuri uku. Ni zan haɗa da rabin shafi huɗun nan na Musa.

Akwai dalilin da ya sa na ce ki bar fili. Shekaranjiya da safe, kina wurin sallama da ƙawayenki, na sami Innarki tana tankaɗe a gindin ɗurumi. Na zauna kan turmi na gaya mata duk abin da na rubuta miki a nan. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin san me?"

Ta ce, "Ina tsaye bayanka da ƙwaryar hura rad da kad danna. Har tambayar ka tay yi, kac ce i."

Na ce, "Shekara bakwai, ba ki ce komai ba?"

Ta ce, "Kai da ka karanta littahi da halshe ukku, ni za ni gaya ma? Jira nika yi ka gaji da ɗaukar ta."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can sai na ji ta fara rerawa a hankali, da karin nan nasa, wurin da yake maganar gulbi in ya cika ya ci gonar mai gaskiya da ta maƙaryaci. Wurin nan ne kike tsayawa kullum ki ce ya ɓace miki. Ta wuce shi, ta yi gaba, baiti bayan baiti, rariya na tafiya a hannunta. Da ta ga na buɗe baki ta ce, "Shekara ashirin ina daka bayan katangar soron nan. Ka aza kunnena toshe shike?"

Na je Gusau neman inda zan adana waƙar Malam, ban taɓa tambayar matar da ke tsakar gidana ba. Don haka filin da za ki bari, akwai mai cike shi in kin zo hutu. Baffanki kuwa, ranar Juma'a bayan an sauko zan je zaure, in zauna a ƙasa, in wanke bairos daga laifin da bai yi ba. Ki sa ni a addu'a, don ya fi Innarki yawan magana.

Allah Ya tsare mini ke, Uwata, a ɗaki da aji da kasuwa. In za ki zo gida ki fito da sassafe, kada ki yarda la'asar ta same ki a hanya, kuma ki kira kafin ki taso. Allah Ya haɗa ki da abokan zama na kirki, Ya buɗe miki karatu, Ya jiƙan Malam, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki na gaishe ki, ta ce yajin na wata biyu ne, kada ki rabar.

Wassalam.

Babanki,
Gummi.